Tsini ko kaifi? Aikin gidan Hanifa ya tada ƙura a zaure

Maman Hanifa: Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah a taimaka min kafin kaina ya fashe. Hanifa ce aka ba su aikin gida, yar aji ɗaya ce fa a ƙaramar sakandare, wai su duba ƙamus su rubuto ma'anar kalmomi goma: tip, spike, prong, barb, thorn, spine, tine, nib, awl, skewer. Na ce abu mai sauƙi kawo wayata, na buɗe na farko ya ce min sharp point, na biyu ma wani abu ne pointed, na uku haka, wlh har na kai na bakwai kusan magana ɗaya suke juyawa, yarinya tana tambayata Mama da Hausa fa, ni kuma sai abu mai tsini nake ta ce mata har ta gaji ta ce to duk abu ɗaya ne kenan me yasa suka yi goma. Babanta yana gefe yana ta dariya bai taimaka da komai ba. Gobe Litinin za ta kai.

Sarkin Tsokana: Ki rubuta mata "abu mai tsini" sau goma ki sa hannu a ƙasa, malamin ya je ya yi shari'a da Bature

Maman Hanifa: Kai dai ba ka rabo da shirme

Tsohon Ticha: Wa alaikumus salam. Yata ba laifinki bane, kuma ba laifin ƙamus bane gaba ɗaya. Ƙamusun da ake yi wa masu koyo da gangan suke taƙaita kalmomin da za su yi bayani da su. Mu a zamaninmu ƙamusun Michael West muka riƙe, wanda ya fara fitowa 1935, duk bayanin cikinsa da kalmomin da ba su kai 1,500 ba aka yi shi. Longman da ya zo 1978 wajen 2,000 ya ɗauka. To mutumin da aka ɗaure wa hannu haka in ya zo kan spike me zai ce in ba sharp da point ba? Dabarar ita ce kar ki tsaya a farkon jimlar, ki duba wutsiyarta, wajen da zai ce on a fork ko on a plant ko on a hook. Bambancin yana can, wato a jikin me tsinin yake.

Maman Hanifa: Baba Allah ya saka da alheri, to a ɗan warware min ɗaya bayan ɗaya, ni kaina na ruɗe

Tsohon Ticha: To tashi ki shiga kicin. Ɗauko cokali mai yatsu, waɗannan yatsun kowanne prong ne, kuma shi ne dai tine, sai dai tine ta fi zama a bakin masu aikin gona da masu maganar ƙahon barewar Turai mai rassa, yatsun manjagara ma tines ne. Skewer tsinken tsire. Awl basillar da mai gyaran takalmi yake huda fata da ita. Nib bakin alƙalami, ɗan ƙarfen nan mai tsaga da muke tsomawa a tawada. Spike ƙarfunan da ake kafawa a saman get ko katanga saboda ɓarayi. Tip kuwa ƙarshen abu ne kawai, ko da bai da tsini sosai, kan yatsa ma tip ne, kan hanci ma haka.

Sarkin Tsokana: Baba ka manta tip ɗin da ake ba mai kawo abinci a otal, wannan ne kaɗai na sani kuma ba a taɓa ba ni ba

Tela Mai Keke: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jin haushi. Turancin nan da ake ta kambamawa kalma ɗaya gare su sharp, wuƙa sharp, allura sharp, reza sharp, ƙusa sharp. Mu kuwa ko yaron goye ya san wuƙa KAIFI gare ta allura TSINI gare ta. Wuƙa wasa ta ake yi, fensir fiƙe shi ake yi. Ka taɓa jin an ce a wasa fensir? Wata rana wani yarona ɗan boko ya ce min oga allurar nan ba ta da kaifi, na ce kai fita min a shago, Turanci ne a cikinka kake amayo shi da Hausa

Ɗan Maraɗi: Tela gaskiyarka. Mu nan a lakwal Faransanci muka yi kuma su ma sun raba, pointu shi ne mai tsini, tranchant mai kaifi. Lokacin da na fara koyon Ingilishi sai da mushenmu ya yi ta fama da mu kan sharp ɗin nan

Sarkin Tsokana: Mushe kuma?? Wa ya mutu

Ɗan Maraɗi: Malamin makaranta ne mushe a wurinmu, daga monsieur, kai ma ka sani tsokana ce kawai

Tsohon Ticha: Tela ka faɗi rabin gaskiya. Eh sharp tana ɗaukar biyun, ita da blunt da ke nufin dakushewa ko ta baki ko ta tsini. Amma in suna son rabawa suna da pointed, kuma suna da edge wato bakin wuƙa da point wato tsininta. Yanzu juya hoton. Mu ƙaya muke cewa ta bagaruwa, ƙaya ta kifi, ƙaya ta bushiya, ƙaya ta beguwa, ƙaya ta waya mai ƙaya. Bature kowacce da sunanta: thorn, bone, spine, quill, barb. In shi ma ya ce Hausa talaka ce saboda ƙaya ɗaya gare mu za ka yarda?

Tela Mai Keke: Ba zan yarda ba Baba, ai muna cewa ƙayar kifi, ƙayar aduwa, an bambanta kenan

Tsohon Ticha: To shi ma yana cewa sharp edge da sharp point, an bambanta kenan

Tela Mai Keke: Hmm. Ban dai sallama ba, kwastoma ne ya shigo

Anti Nas: Bari in shigo nan tunda an taɓo allura. Tela kafin ka kori yaron nan da ka zo asibiti ka ga allurarmu da kyau. Ka ɗaga ta a haske, bakinta ba a fiƙe yake zagaye kamar ta ɗinki ba, yanke shi aka yi a karkace kamar yadda ake saran kara, bevel muke ce masa, kuma gefen wannan yankan kaifi ne da shi sosai, yanka fata yake yi ya shige shi ya sa in za mu nemi jijiya muke juya yankan ya kalli sama. To ka ga tana da tsini tana da kaifi. Kuma akwatin da muke zuba allurai da reza da fasassun kwalaben magani sunansa ɗaya, na sharps, duk abin da zai huda ka ko ya yanke ka ciki yake shiga. A nan kam kalma ɗayan ta yi mana rana, ba ruwan mai shara da tsini ne ko kaifi, hannunsa muke karewa.

Tela Mai Keke: Na dawo. Anti wannan kam kin kama ni, dan allurar keken ɗinkin fata ma haka take, bakinta kamar ɗan mashi mai gefe, in ka sa ta a yadi sai ta yanke zaren saƙar. Akwai kuma wadda muke sa wa yadi mai talewa irin na rigar ƙwallo, ita bakinta a ɗan dunƙule yake ball point ake rubutawa a fakitin, tsakanin zare take bi ba ta huda shi. Amma duk da haka yaron nan allurar hannu yake nufi dan haka korar tana nan

Ɗan Gona: Maman Hanifa kan thorn da spine ki yi hattara, mu a darasin tsirrai ba abu ɗaya bane, uku ne ma. Thorn reshe ne da ya rikiɗe ya zama ƙaya, kamar ta bishiyar lemo, daga cikin itacen take fitowa in ka ja ta sai ka yago ɓawo. Spine ganye ne ko wani ɓangarensa ya koma ƙaya, irin ta kaktus, da ta bagaruwa, ki duba za ki gan su bibbiyu a gindin ganye farare dogaye. Prickle kuma a fatar tsiron kawai take, ka tura ta gefe da babban yatsa ta ɓalle ɓas. Abin dariyar shi ne furen rose da Turawa suke ta waƙar thorn ɗinsa, a kimiyyance prickle gare shi ba thorn ba

Sarkin Tsokana: Wato Bature bai iya Turanci ba, Allah na gode maka da ka nuna min wannan rana

Tsohon Ticha: Ɗan Gona abin da ka faɗa daidai ne a ɗakin gwaji, amma kar ka sa yarinya ta je ta ce wa malaminta rose ba shi da thorn. Ƙamus ba alƙali bane, marubucin kotu ne, abin da mutane suke faɗa yake rubutawa. Miliyoyin masu harshen suna cewa thorn ga rose shekaru aru-aru, to ma'anar kalmar kenan a bakin jama'a. Masana tsirrai ne suka zo daga baya suka ɗebi kalmomin kasuwa suka ƙuntata su dan aikinsu.

Ɗan Gona: Baba da girmanka amma ban gamsu ba. In kowa ya yi kuskure sai kuskuren ya zama daidai? To mutanenmu duk sun yarda beguwa tana harbo ƙayarta kamar kibiya, alhali ba ta harbawa, baya-baya take yi ta soki abin da ya biyo ta ƙayar ta zare ta maƙale a jikinsa. Sai mu rubuta a ƙamus cewa tana harbi?

Tsohon Ticha: A'a ɗana, ka haɗa abu biyu. Ko beguwa tana harbi ko ba ta yi wannan magana ce kan beguwa, ana iya zuwa a duba. Amma me ake kiran ƙayar rose wannan magana ce kan suna, kuma suna yarjejeniya ce ta masu harshe. Mu da muke ce wa tumatir kayan miya kai a ajinku ɗan itace ne, ka taɓa zuwa kasuwar Yankaba ka gyara musu?

Ɗan Gona: Hhhh a'a Baba ina son haƙorana. Amma dai a jarrabawar bayoloji prickle za ta rubuta

Tsohon Ticha: Wannan na yarda

Jikan Maharbi: Ku tsaya an wuce barb da sauri, ita ce ma ta fi daɗi. Kakana maharbi ne, kwarinsa yana nan a ɗakin babanmu har yau. In ka zaro kibiya ka duba ƙarfen, bayan tsinin gaba akwai wasu yan ƙanana guda biyu da suka juyo baya, mu kunne muke ce musu, aikinsu shi ne in ta shiga kar ta fita. To wannan ne barb. Irinsa ne a ƙugiyar kamun kifi, ɗan ƙaramin nan da ke bayan baki. Ina yaro ƙugiya ta taɓa shiga min a yatsa a bakin rafi, na ja na ja ina ihu, wani dattijo masunci ya riƙe hannuna ya ce kar ka ja baya yaro, ya tura ta gaba har bakin ya ɓullo ta ɗaya gefen ya datse kunnen sannan ya zare. Tun ranar ban ƙara buƙatar ƙamus kan wannan kalmar ba

Maman Hanifa: Innalillahi, tsigar jikina har ta tashi. Amma wlh yanzu na gane ta, tsini mai kallon baya

Anti Nas: Jikan Maharbi da fatan an yi maka allurar tetanus

Jikan Maharbi: Anti toka aka shafa min

Tsohon Ticha: Kuma kun san barb daga kalmar Latin ta gemu take, barba, gida ɗaya da barber mai aski. Mu mun ga kunne su sun ga gemu. Haka ramin allura, mu kafa muke cewa su eye, ido. Zarto kuwa mun haɗu, haƙora a wurinmu teeth a wurinsu.

Malam Na Zaure: Tunda an shiga asali bari in sa baki. Allura kanta baƙuwa ce, al-ibra ce ta Larabci ta zauna a bakinmu ta koma haka, kamar yadda al-ƙalam ya zama alƙalami. Shi kansa ƙamus da kuke ta ambata ma'anarsa ta farko teku ce, Fairuzabadi ne ya sa wa littafinsa Al-Ƙamusul Muhiɗ, littafin ya shahara har sunan ya koma na kowane littafin kalmomi. To wanda ya shiga teku ya ce ya ruɗe ai ba abin mamaki bane. Nib kuma da Baba Ticha ya ce ɗan ƙarfe, mu namu na gamba ne, ka fere shi da reza ta gefe biyu ka ɗan tsaga bakin dan ya riƙe tawada, in tsagar ta yi yawa ya yi ta zubar da ita a allo in ta yi kaɗan ya ƙi rubutu

Tsohon Ticha: Allah ya gafarta Malam haka ne. Su kuma da gashin tsuntsu suka yi ta rubutu, shi ne quill, kalmar da suke kiran ƙayar beguwa da ita. Pen ma daga penna take, gashin tsuntsu da Latin.

Ɗan Maraɗi: Plume muke cewa da Faransanci, gashin tsuntsu kuma alƙalami. Beguwa kuma porc-épic, wato alade mai ƙaya, porcupine ta Ingilishi ma daga tsohon Faransanci ta fito da wannan ma'anar

Sarkin Tsokana: Jikan Maharbi ka ji fa, duk beguwar da kakanka ya ciyar da ku alade ce

Jikan Maharbi: Admin a ja wa yaron nan kunne

Admin: Sarkin Tsokana gargaɗi na ɗaya. Beguwa dangin ɓera ce ba alade ba, a ci gaba

Tsohon Ticha: Ɗaya zan ƙara in tafi masallaci. Point ɗin da ta dami Maman Hanifa tushenta Latin ne, pungere, soka ko caka. In ka caka tsinke a takarda me ya rage? Ɗigo. Daga nan aka samu punctuation, ɗige-ɗigen rubutu, da punctual mai zuwa a kan ɗigon lokaci, da puncture hujin taya. Mu da taya ta huje sai mu ce ta yi faci, alhali faci daga patch take, wato maganin muka ɗauka muka sa wa ciwon. Garlic ma tafarnuwa, gar ɗin farkon mashi ne a tsohon Ingilishi. Sai spur, ƙaimin da mahayi ke zungurar doki da shi, su ma suna cewa an yi spurring ɗin mutum kamar yadda muke cewa a ƙara ƙaimi, ba wanda ya kwaikwayi wani, doki ne ya koya wa kowa.

Tela Mai Keke: To Baba zankon gini fa, irin na saman tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, me Bature zai ce masa? Na tabbata nan ya ƙure

Tsohon Ticha: Pinnacle suke rubutawa in suna bayanin gininmu. Spire kuma dogon tsinin saman coci. Amma na ba ka wannan, pinnacle ba ta kawo hoton zankon zakara ko na kan yaro a zuciya kamar tamu.

Tela Mai Keke: Alhamdulillah ɗaya da ɗaya

Maman Ummi: Ni tambayata kibiyar tsifa fa, wadda muke tsefe kitso da ita? Kar in je in ce arrow a yi min dariya

Anti Nas: Hhhh kar ki soma. Wanda ake sayarwa a shago mai mataji a gaba da dogon tsinke a baya tail comb ake ce masa, ta ƙarfen nan tamu ta gargajiya kuwa ki ce kibiya kawai ki nuna musu

Sarkin Tsokana: Skewer ɗin nan ita ce kaɗai ta shafe ni. Kuma a gaya wa yan Kudu mai tsinke tsire ne, ba komai bane suya

Ɗan Maraɗi: Brochette

Sarkin Tsokana: Kai kuma wa ya tambaye ka

Maman Hanifa: Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Ga abin da muka yi, na shimfiɗa tabarma na jera mata cokali mai yatsu, tsinken tsire, ƙayar lemon gidanmu, tsohon alƙalamin babanta, na aika almajirinmu wurin mai gyaran takalmi na bakin layi ya aro basilla, mutumin har ya biyo shi dan ya ga me za a yi da ita. Kowanne ta ɗauka ta taɓa sannan ta karanta na ƙamus ta rubuta da kalmominta. Spike na ɗaga ta ta leƙa saman get ɗin maƙwabta. Barb ce ba mu samu ba sai na karanta mata labarin Jikan Maharbi, ta ce wai ita ta daina cin kifi.

Jikan Maharbi: A ba ta haƙuri, kifin ba ruwansa

Ɗan Gona: Spine fa me ta rubuta?

Maman Hanifa: Ta rubuta ta bushiya da ta kaktus, sai ta ga a ƙasa an ce ƙashin baya ma spine ne, bayan littafi ma wajen ɗinkin spine ne, ta ɗago ta kalle ni na ce wannan sai Baba Ticha ya dawo daga masallaci

Tsohon Ticha: Na dawo. Ki sa ta sunkuya ta shafa tsakiyar bayanta, za ta ji yan ƙasusuwa a jere suna tokaro fata kamar ƙayoyi, daga nan sunan ya zo. Littafi kuma an kwatanta shi da mutum ne, bayansa kenan.

Maman Hanifa: Ta shafa ta ce ta ji su. Yanzu kuma ƙaninta ya ɗauke basillar mutane ya gudu waje, bari in bi shi kafin allura ta tono garma